Dawo da Hirarrakin Aiki da Aka Kulle a Kwamfutar Ma'aikaci: Nazari a kan Signal Desktop

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake dawo da saƙonnin aiki da manhajar hira ta kulle ta adana a kwamfuta, inda aka ɗauki Signal Desktop a kan Windows a matsayin misali. Nazarin ya nuna cewa nasara ta rataya ne a kan samun mabuɗi, domin na'urorin yau ba sa iya fasa kullen kansa.

1.0 Gabatarwa

Hirar manhaja ta shiga sahun takardun ofis. A Disambar 2021 hukumomin SEC da CFTC na Amurka sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda rashin adana saƙonnin aiki da ma'aikatansa suka riƙa aikawa ta WhatsApp da wayoyinsu. Signal kuwa ba ta riƙe saƙon da ya isa hannun mai shi a uwar garkenta, don haka idan ma'aikaci ya tafi da wayarsa, kwafin da ke kwamfutar ofis ne kaɗai ya rage wa ma'aikatar.

2.0 Tsarin Kullen

Manhajar tana zuba saƙonni a fayil ɗin db.sqlite, wanda SQLCipher ke kullewa da AES-256. Har zuwa 2024, mabuɗin yana zaune a fili cikin config.json, duk wanda ya kwafi fayilolin biyu ya gama. Daga shekarar ne aka mayar da shi ƙarƙashin DPAPI, tsarin kariya da Microsoft ta fito da shi tun Windows 2000. Yanzu kullen hawa-hawa ne: kalmar sirrin ma'aikaci ke buɗe babban mabuɗin da ke jakar Microsoft\Protect, sai an samu wannan sannan a kai ga mabuɗin Signal, daga nan a buɗe saƙonnin.

3.0 Hanyoyin Dawowa

Hanya mafi sauƙi ita ce ma'aikacin ya ba da kalmar sirrinsa. Idan ba ya nan, kuma kwamfutar tana ƙarƙashin Active Directory na ma'aikatar, akwai mabuɗin ko-ta-kwana a uwar garke da zai buɗe babban mabuɗinsa. Idan kuma an tarar da kwamfutar a kunne, manhajar tana aiki, ana iya ciro mabuɗin daga ƙwaƙwalwarta kafin a kashe ta.

Babbar asara takan zo ne daga gaggawa. Jami'in kwamfuta da ya tilasta sauya kalmar sirrin asusun da ba ya ƙarƙashin uwar garke ya yanke hanyar isa ga babban mabuɗin, sai dai in an samo tsohuwar kalmar.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a ɗauki cikakken kwafin faifan ajiya kafin a taɓa komai, a kuma rubuta kowane mataki, domin a Nijeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi hujjar kwamfuta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta buƙaci halastaccen dalili kafin a leƙa bayanan mutum. Maƙalar na ba ma'aikatu shawarar su rubuta ƙa'idar adana saƙonni tun kafin buƙata ta taso.