Saboyi, Ƙasar da Sarakunanta Suka Bayar

A kudu maso gabashin Faransa, kan iyakar Italiya, akwai wani lardi da ake kira Saboyi, babban birninsa Shamberi. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Dutsen da ya fi tsawo a cikinta ya haura ƙafa 12,600, ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa. Noma kaɗan ne, sai kiwon shanu da yin cuku. A da, in hunturu ya shiga, yaran ƙauye sukan tafi cin rani manyan birane, suna share mafitar hayaƙin gidaje.

Amma talaucin ƙasa bai hana sarakunanta ƙarfi ba, gama hanyoyin da suka ratsa duwatsu zuwa Italiya a hannunsu suke. Fatake da mayaƙa da masu ziyara zuwa Rum ta nan suke bi, ana karɓar kuɗin fito. Da mulkinsu ya bunƙasa a ƙetaren duwatsu, sai cikin 1563 suka ƙaura daga Shamberi, suka mai da Turin gidan sarauta.

Cikin 1859 Sarkin Faransa, Napoliyon na Uku, ya taimaki Sarki Victor Emmanuel na Biyu yaƙi da Ostiriya. Ladan taimakon nan shi ne Saboyi da birnin Nis. Aka yi yarjejeniya a Turin cikin 1860, mutanen ƙasar suka jefa ƙuri'a, galibinsu suka yarda da bin Faransa. Shekara guda bayan haka aka naɗa Victor Emmanuel Sarkin Italiya. Ya sami babbar sarauta, ya rabu da gidan kakanninsa.

Daga nan Saboyi ta sāke. Cikin 1871 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa da aka haƙa ta cikin dutse, wajen mil 8, har Italiya. Ƙanƙarar da ta riƙa korar mutane ita ce yau ke jawo baƙi masu wasan sulɓi, har aka yi wasannin Olamfik na hunturu a Albertville cikin 1992.

Sarautar Italiya kuwa ba ta daɗe ba. Cikin 1946 jama'a suka soke ta, Sarki Umberto na Biyu ya yi hijira. Da ya mutu cikin 1983, sai aka kawo gawarsa bakin Tafkin Burje, aka binne shi a maƙabartar kakanninsa, cikin ƙasar da suka bayar. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.