Furotin Guda da Aka Gano Sau Uku

Duk wanda ya yi shekarun 1990 a wannan fanni namu na binciken lantarkin jijiyoyi da zuciya, ba zai manta da wata mas'ala da ta hana malamai sukuni ba. Tun 1971 Connor da Stevens suka siffanta wata kwararar fotashiyam mai saurin tasowa da saurin yankewa a jijiyar wata dabbar teku, kuma a 1987 Lily Jan da mijinta Yuh Nung Jan suka tsamo Shaker, ƙwayar gadon wata ƙofar fotashiyam mai irin wannan kwarara, daga ƙuda a San Faransisko, har muka yi zaton an warware al'amarin. Amma idan aka dasa ƙofar fotashiyam da ake kira Kv4 cikin ƙwan kwaɗo domin gwaji, sai a tarar da ita kasalalliya, mai jinkirin farfaɗowa, saɓanin ɗabi'arta a ƙwaƙwalwa da zuciya, alamar cewa akwai abokin aikinta da ya ɓoye mana.

A shekarar 2000 Kenneth Rhodes da jama'arsa na kamfanin Wyeth suka bayyana shi a mujallar Nature: furotin ne mai kama kalshiyam, wanda suka kira KChIP, yana manne wa ƙofar daga ciki, ya rako ta zuwa fatar tantani, ya kuma gaggauta farfaɗowarta. Abin da ya fi ba ni mamaki, har yau, shi ne na uku a cikin dangin KChIP, wanda ƙwayar gadonsa KCNIP3 ke kan kuromosom na 2, ashe an riga an gano shi sau biyu: a 1998 masu binciken cutar mantuwa ta Alzheimer a New York suka sa masa suna calsenilin, sannan a 1999 José Naranjo a Madrid ya kira shi DREAM, saboda yana danne ƙwayar gadon wani sinadari mai rage zafin ciwo. Kowanne ya riƙe gefensa, bai san na ɗan'uwansa ba.

Hujjar da ta gamsar da likitocin zuciya ta zo a 2001, lokacin da Kenneth Chien ya cire KChIP2, na biyu a dangin, daga ɓeraye: waccan kwararar fotashiyam mai saurin yankewa ta ɓace ɗungurungum, zuciyarsu ta zama mai saurin faɗawa cikin rikicewar bugu mai haɗari. A ra'ayina, wannan gwaji shi ne ya fitar da fannin daga ɗakin bincike zuwa gadon majinyaci.