Bargon Ado da Gishirin Kuza Ya Ci

A gidajen adana kayan tarihi na Amurka akwai wani abin mamaki. Za ka tarar da bargon auduga da wata matar manomi ta harhaɗa da tsummoki shekara 150 da suka wuce yana nan garau, a gefensa kuma ga na siliki da karan-miski, wanda aka ƙawata da surfani da ƙananan duwatsun ado, yana ta rududdugewa. Mai tsadar ne ya riga lalacewa.

Asalin sana'ar mai sauƙi ce: a shimfiɗa yadi sama da ƙasa, a sa auduga a tsakiya, a bi da allura a ɗinke su tare. Wanda ya taɓa ganin lifidin doki ranar hawa ya san irin ɗinkin. Can ƙasashen sanyi an daɗe ana yin bargo haka don rufa.

A 1876 aka yi babban baje koli a birnin Filadelfiya, na cikar Amurka shekara 100 da samun 'yanci, inda kusan mutum miliyan 10 suka shiga kallo. Kayan Japan na cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido, musamman tangaran mai tsattsagaggen ƙyalli da zanen da bai damu da daidaita hagu da dama ba. Masana tarihi da dama na danganta abin da ya biyo baya da wannan baje koli. Cikin shekarun 1880 matan birni suka rungumi wani sabon yayi: a yanka ƙyallayen siliki kowanne da siffarsa, a ɗora su a kan yadin auduga, a rufe kowace gaɓa da ɗinkin ado, sannan a zana fure ko mafici ko yanar gizo-gizo da zare, a ƙara duwatsu da maɓallai. Suka sa masa suna mahaukacin bargo. A Ingilishi kalmar hauka da ta tsattsagewar fuskar tangaran tushensu ɗaya.

Galibi ma ba a sa masa auduga a ciki, don ba na kwana ba ne. A falo ake ɗora shi kan kujera, baƙi su gani su yaba. Masaƙu suka ga kasuwa, suka shiga sayar da ragowar siliki a ƙunshi, ana aikawa ta gidan waya.

To, a nan gizo ke saƙar. Zaren da tsutsar siliki ke fitarwa furotin iri biyu ne: fibiroyin, wato zaren kansa, da serisin, wani ƙaro da ke lulluɓe shi. Kafin siliki ya yi laushi da sheƙi sai an dafa shi da sabulu ƙaron ya fita, kuma da shi ake asarar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Siliki kuwa a ma'auni ake sayar da shi. Sai masu masaƙa suka riƙa tsoma shi cikin ruwan gishirin kuza, zaren ya sha, nauyi ya dawo. Baƙin siliki kuma da gishirin ƙarfe da sinadarin jima ake cika shi. Da mayar da abin da aka rasa kawai suka yi, da sauƙi. Amma wasu sun yi ta tsomawa har nauyin ya ninka. A gani na wannan algus ne, ko da yake masu saye sun so shi, domin yadin yakan yi kauri ya zuba da kyau a jiki.

Illar ba ta fitowa nan take. Gishirin da ya zauna cikin zaren yana sa haske da zafi su yi saurin kakkarya fibiroyin, zaren ya bushe ya rasa danƙo, daga nan yadin ya fara tsagewa a miƙe kamar an bi shi da reza, ƙarshe ya koma gari. Sai a 1938 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa doka cewa silikin da ƙarinsa ya wuce kashi 10 cikin 100, ko 15 idan baƙi ne, dole a rubuta a jikinsa.

Su ma duwatsun ba su tsira ba. Na ƙarfe kan yi tsatsa su ɓata yadin. Na gilas da ba a daidaita haɗinsa ba, laima kan janyo sinadaran cikinsa waje, ya yi fari-fari ya fashe. Ga kuma nauyinsu yana jan yadin da ya riga ya raunana.

Silikin da ya kai wannan hali ba ya gyaruwa. Iyakar abin da masu adanawa ke yi shi ne su kwantar da bargon a shimfiɗe cikin duhu, su rage laima, su rufe wuraren da suka tsage da siririyar raga. A wasu bargunan ƙyallen ya tafi ƙaf, saura ɗinkin ado da ya zagaye shi, da farin yadin auduga na ƙasa yana leƙowa.