BABI NA UKU: KAKURI BAYAN RUFE MASAƘU DA MATSAYIN MAI NIYYAR SAYEN GIDA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake mallakar gida a ƙasar Kebbe da Tambuwal, inda galibi mutum yakan gaji gida daga mahaifinsa, ko ya sami fili ta hannun uban ƙasa da dagaci, kuma kowa ya san asalin kowa. A wannan babi za a dubi wani irin matsuguni dabam, wato wanda masana'anta ta raya shi, sa'annan ta mutu ta bar shi. Da yake babu irin wannan wuri a kudancin Jihar Sakkwato, an zaɓi Kakuri da ke Kaduna ta Kudu, domin ita ce misali mafi bayyana a Arewa, kuma Kaduna na daga cikin biranen da mutanenmu ke zuwa cin rani har wasu su zauna su nemi gidan kansu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, darajar gida a Kakuri ta ginu ne a kan albashin masaƙa, saboda haka wanda bai san tarihin masaƙun ba, bai san abin da zai saya ba.

3.1 Asalin Kakuri

Kafin zuwan Turawa, yankin da Kaduna take a yau ƙasar noma ce ta Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma Kakuri ɗaya ce daga ƙauyukansu na kudancin kogi. Har yanzu sunaye irin su Kurmin Gwari da Kakuri Gwari suna nuni ga wannan asali. Abu biyu suka sauya ƙauyen. Na farko shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano wadda ta ratsa yankin, har aka kafa babbar tasha a kudancin kogi. Na biyu kuwa shi ne mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Ofisoshin gwamnati da gidajen Turawa suka zauna a arewacin kogi, kudu kuwa ta zama wurin ma'aikatan jirgi da leburori, daga baya kuma aka keɓe ta domin masana'antu.

3.2 Kafuwar Masaƙu

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ta kafa ta tare da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead and Sons na Lankasha a Ingila. Manufar ita ce a saƙa audugar Arewa a gida, maimakon a gurje ta a Funtuwa da Gusau da Zariya a kai ta Ingila, sa'annan a dawo da ita a matsayin yadi mai tsada. Da akoko masaƙar ta fara. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, kamar Nortex, da United Nigerian Textiles Limited ta ɗan kasuwar Hong Kong Cha Chi Ming, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka sa wa jari. Bayan masaƙu, an kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, da na harhaɗa motoci na Peugeot a 1975, duk a wannan yanki.

Dubban ma'aikata suka taru daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Hausa da kudancin Nijeriya. Ana aiki dare da rana, wasu na tashi wasu na karɓa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna take da hedikwata, kuma daga masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982. Andrae da Beckman (1998) sun yi nazari mai zurfi a kan ƙarfin wannan ƙungiya.

3.3 Yadda Aka Gina Gidajen

A nan ne ya kamata a kwatanta Kakuri da takwarorinta na ƙasar da aka kwaikwayo masaƙun. A Saltaire, kusa da birnin Bradford na Ingila, attajiri Titus Salt ya buɗe masaƙarsa a 1853, kuma shi da kansa ya gina wa ma'aikata gidaje fiye da ɗari takwas na dutse, da makaranta da asibiti, bisa tsari guda. Da masaƙar ta rufe a 1986, gidajen suna nan da ƙarfinsu, aka mayar da ginin masaƙar wurin baje kolin zane-zane da shaguna da ofisoshi, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.

A Kakuri abin ba haka ya kasance ba. Mafi yawan ƙananan ma'aikata ba a gidan kamfani suke ba, haya suke kamawa a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya da sauran unguwannin kewaye. Masu gidajen kuwa ɗaiɗaikun mutane ne, 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da 'yan asalin ƙauyen, waɗanda suka yanka gonaki suka jera ɗakuna suna fuskantar juna, wasu ɗaki ɗaya wasu ciki da falo, banɗaki da madafa da rijiya na tarayya. An yi wannan gini ne domin a tara 'yan haya da yawa a ƙaramin fili, saboda mai gida ya tabbata ƙarshen wata albashi zai fito. Wato ke nan masaƙa ce ke biyan kuɗin hayar, ita ce kuma ke riƙe da mai tuwo da mai shayi da tela da mai kanti.

3.4 Durƙushewa

Masaƙun sun fara jin jiki tun farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi aka rasa kuɗin waje na sayo kayan gyara da sinadaran rini. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, a shekarar kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ga kuma fasa-ƙwaurin atamfar Sin ta kan iyakokin Nijar da Binin. Bugu da ƙari, rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun sa yadin Kaduna ya kasa gogayya a kasuwa. KTL, wadda ta zama mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. An sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnatin tarayya, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba.

Ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara goma suna bin kuɗin sallamarsu. Elisha Renne ta nuna yadda ƙungiyar ma'aikatan da ba a biya ba take ajiye jerin sunayen waɗanda suka rasu suna jira, da halin da matansu suka shiga. Wanda ba shi da albashi ba ya iya biyan haya. Wasu suka koma ƙauyukansu, wasu suka kama acaɓa ko gadi ko noma a bayan gari, masu gidaje kuma suka rasa abin yin gyara.

A daidai wannan lokaci ne rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 suka raba mazauna Kaduna. Musulmi da yawa suka ƙaura daga unguwannin kudancin kogi, Kirista da yawa suka bar na arewa. An sayar da gidaje cikin gaggawa da araha, wasu ma musanya aka yi.

3.5 Abin da Tarihin Yake Nufi ga Mai Saye

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa huɗu. Na farko shi ne takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma ba a sauya hannun filin da ke da takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa. Amma gidaje da yawa a irin waɗannan unguwanni ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Gidan da ya taso daga gonar gado, ya bi ta hannun mai haya, aka kuma sayar da shi a ruɗanin 2000, yana iya samun masu da'awa fiye da ɗaya. Tun 2015 hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filayen jihar, kuma can ya kamata a bincika kafin a biya la'adar dillali.

Na biyu shi ne tsarin ginin. Gidan da aka yi domin 'yan haya goma ba shi da zaure ko tsakar gida irin wadda magidancin Kebbe ya saba da ita, saboda haka kuɗin gyara yana iya kusantar kuɗin saye. Na uku shi ne ruwa. Shekaru da dama masana'antun yankin suna zubar da dagwalonsu ta magudanun Kakuri da Makera zuwa Kogin Kaduna, don haka ya dace a gwada ruwan rijiya kafin a dogara da shi. Na huɗu shi ne maƙwabtaka, domin tarihin 2000 ya sa wajibi ne mutum ya san unguwa da shugabanninta kafin ya kai iyalinsa.

Duk da haka, Kakuri tana da abin da sababbin unguwannin bayan gari ba su da shi: tsofaffin tituna, da kasuwa, da makarantu, da kusanci da tsakiyar birni, da jama'ar da suka daɗe suna aiki a inji ɗaya duk da bambancin harshe da addini.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Kakuri ta tashi daga ƙauyen Gbagyi ta zama cibiyar masaƙu, da yadda gidajenta suka dogara da albashin da ya yanke tsakanin 2002 da 2007. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen gida a Kakuri yana iya samun sauƙin farashi, amma da sharaɗin ya binciki takarda da gini da ruwa da maƙwabta. A babi na gaba za a dubi yadda dillalai da masu unguwanni ke gudanar da cinikin gidaje.