Kumfar da Ta Rikita Masu Sauraron Teku

In ka taɓa tsayawa bakin Dam ɗin Tiga da hunturu, ka ga yadda iska ke kaɗa ruwa har igiyarsa ta fashe da farar kumfa. To, wannan kumfar da kake rainawa ta daɗe tana ba masana ciwon kai.

Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, an shiga neman hanyar gano abin da ke cikin teku. A 1914 Reginald Fessenden ya aika sauti cikin ruwa, amsa-kuwwarsa ta dawo daga dutsen ƙanƙara mai nisan kusan kilomita 3. Sai dai saman ruwan ma yana mayar da sauti, kuma in iska ta taso, hayaniyarsa takan rufe abin da ake nema.

Da farko an ɗora laifin kan tudu da kwarin igiyar ruwa kaɗai. Alhali tun 1933 Marcel Minnaert na jami'ar Utrecht ya nuna cewa ƙwayar kumfa tana kaɗawa kamar ƙararrawa: mai faɗin milimita 2 takan girgiza kusan sau 3,000 a daƙiƙa. Ga kuma wani abin mamaki. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, amma in kashi 1 cikin 100 na ruwan iska ce, gudun bai fi mita 120 ba.

A 1962 Chapman da Harris, 'yan Kanada, suka riƙa tayar da nakiyoyi a teku suna auna sautin da ke dawowa daga sama. Suka ga yana ƙaruwa da ƙarfin iska. A 1994 Ogden da Erskine na Amurka suka raba gardama: in iska ta lafa, siffar igiya ce ke watsa sautin, in ta yi ƙarfi, kumfa ce.

Me ya haɗa wannan da Tiga? Da amsa-kuwwa ake auna zurfin dam, a san yawan lakar da ta cinye wurin ruwan da manoman Kadawa ke jira da rani. Kumfar ruwan daɗi ta fi ta gishiri saurin mutuwa, amma duk da haka tana iya ɓata awo. Shi ya sa mai awo yake son ranar da iska ta kwanta.