Yadda Mena Ta Tsare Gida a Yamai

Mai horar da 'yan ƙwallo a Sakaba ko Dirin Daji, wanda yaransa ke atisaye a filin firamare mai tsakuwa, ba Barcelona ya kamata ya kwaikwaya ba. Tarihin da zai amfane shi na waɗanda suka san iyakar gwanintarsu ne, suka gina wasansu a kanta. A shekarun 1930 Karl Rappan, ɗan Ostiriya, ya ga 'yan wasan Suwizalan ba za su iya gogayya da manya ƙafa da ƙafa ba, sai ya janye mutum ɗaya ya ajiye shi bayan 'yan baya, yana share duk ƙwallon da ta kuɓuce. Da haka suka fitar da Jamus da ci 4 da 2 a gasar cin kofin duniya ta 1938. Girka ta bi sahu a gasar kofin Turai ta 2004 ƙarƙashin Otto Rehhagel: Faransa, Cek da Fotugal duk ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi, kowace ƙwallo da kai, biyu daga bugun kwana.

Amma hujja mafi kusa tana maƙwabta. A neman gurbin kofin Afirka na 2012, Mena ta Nijar ta faɗa rukuni ɗaya da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Yaran Harouna Doula sun sha kashi a duk wasanninsu na waje, ba su zura ko ɗaya ba. A Yamai kuwa, a filin Seyni Kountché, kowa ya zo ya kwashi kashinsa a hannu: Masar 1 da nema, ƙwallon Moussa Maazou, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. Sun ci shida, an ci su takwas, kuma su suka wuce, karon farko a tarihin ƙasar. Ƙungiyar da aka fi ƙarfi ba ta cin kowane wasa, sai dai ta san wanda ba za ta bari ya suɓuce ba.

Za a ce wannan wasa ba ya burge 'yan kallo, kuma ba ya ɗorewa, tunda Nijar ta je gasar a Gabon ta faɗi wasanni uku. Gaskiya ne tsari ba ya maye gurbin baiwa. Sai dai tare ƙwallo da sarrafa ta abu ne da ake koyo tun ƙuruciya, a fili mai laushi, shekara da shekaru. Tsayuwa a layi ɗaya, rage tazara tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya, sanin wanda kowa zai riƙe a bugun kwana, da jefa wa mai gudu doguwar ƙwallo da zarar an ƙwace, duk ana iya koya su kafin damina ta wuce. A filin da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, gajeren fasin a gaban raga kyauta ce ga abokin hamayya.

Tsaron ma yana da sharaɗi. A ranar ƙarshe Afirka ta Kudu ta lallaɓa canjaras da Saliyo, 'yan wasanta har da rawa a fili, suna zaton bambancin ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka sha za a duba. Ashe dokar gasar sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya, wato Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo, take dubawa, kuma a nan Nijar ke da maki shida, su biyar.