Hasken Gujba da Dutsen Zagami

'Yan Gidan Kwano da Bosso, da zarar haske ya gifta sama da daddare sai a hau cewa aljanu ne, wasu su ce makami. To Arewa ta sha ganin wannan.

Ranar 3 ga Afrilu 1984, wajen magariba, mutanen yankin Gujba, a jihar Yobe ta yau, sun ga wuta ta keta sama, sai ƙara kamar aradu. Dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya. Jama'a suka farfasa shi, kowa ya ɗebi nasa, har da masu yin laya.

Na Zagami a Katsina ma ya fi ban mamaki. Ranar 3 ga Oktoba 1962 ya faɗo gab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa, nauyinsa kusan kilo 18. Daga baya aka gano iskar da ta maƙale cikinsa irin ta duniyar Mars ce, wadda kumbon Viking ya auna a 1976. Daga Mars fa, jama'a!

Abin haushin, ɓarɓashinsa yau 'yan kasuwar Amurka da Turai ke sayarwa giram-giram.